Direbobin Kurfai da Ilimin Rairayi

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar wajen kilomita 180 ce a kan babbar hanya mai lamba 25. Za ka wuce Hamdallaye, ka iso Balleyara inda kasuwar dabbobi ke ci ranar Lahadi, daga nan hanya ta miƙe arewa cikin Dallol Boso, ta ratsa Bonkuku, har ka shiga Filinge. Wannan tafiya kowane mai lasin zai yi ta. Tuƙin da ke burge ni yana farawa ne a inda mota ta sauka daga kwalta ta nufi ƙauyukan Kurfai, wajen su Cikal da Luma, ko rugagen da ke bayan Tukunus, inda babu wata alamar hanya sai sawun motar da ta wuce jiya, wani lokaci ma iska ta riga ta share shi. Mutanen da ke kai mota can su dawo da ita, kaya da fasinja lafiya, suna da ilimin da ba a ba su takardarsa ba, kuma a ganina ba a yaba musu gwargwadon abin da suka sani.

Ƙasar ce ta koya musu. Dallol Boso tsohon gadon kogi ne da ya gangaro daga Azawak tun zamanin da Sahara ke da ruwa, ya bi kudu har ya faɗa kogin Isa, wato Kwara, a wajen Bumba. Kogin ya ƙafe tun dubban shekaru, ya bar kwari mai faɗi cike da rairayi, ruwa na kusa a ƙarƙashinsa, ga gawo ga goriba. Gefe da gefe kuma tudu ne na marmara da tsakuwa, mai kaifin baki, wanda ƙoramu suka tsattsaga. Saboda haka a tafiyar da ba ta kai awa guda ba direba zai taka fako mai tauri, ya gangara ta tsakanin duwatsu, ya faɗa jigawa mai laushi, ya bi laka a bakin tabki, kuma kowace da irin ƙafar da take so. Ruwan sama ba shi da yawa, milimita 300 zuwa 450 a yawancin shekaru, amma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Hadari ɗaya ya isa ya mayar da hanyar safe ta zama gulbi da la'asar.

Motocin kuwa ba sababbi ba ne. Akwai Hilux, akwai Land Cruiser irin wadda kamfanin Toyota ya fara fitarwa a 1984 kuma har yau bai sauya mata fasali sosai ba, da injinta na gas mai silinda shida wanda bakanike zai kwance a gindin bishiya ya mayar. Nan da can za ka ga tsohuwar Peugeot 504 akori-kura, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, tana nan tana cin kasuwa duk da ƙafafunta biyu na baya kaɗai ke ja. Kowace an ɗora mata abin da masu ƙirarta ba su taɓa mafarki ba: buhunan hatsi da wake, jarkokin mai, tumaki a ɗaure, mutane a bisa kaya. Shi ya sa gwanin direba ba ya barin lodi a hannun 'yan dako su kaɗai. Yana tsaye a kai, mai nauyi ƙasa kuma gaba, kusa da bayan kujerarsa, mara nauyi sama. Ya san motar da nauyinta ya koma wutsiya, gabanta zai yi sakayau a rairayi, sitiyari ya daina jin magana, tayoyin baya kuma su yi ta haƙa wa kansu rami.

Idan ya iso bakin rairayi, abu na farko da yake yi shi ne ya tsaya, kuma a kan ƙasa mai tauri, tun bai shiga ba. Za ka ji ya ce wa yaronsa, "Kai, sabka ka sace mata iska." Yaro ya ce, "To, maigida," ya diro da tsinken ashana ko ƙaramar ƙusa, ya tsuguna gaban taya ya danna bakin tib. Iska na fita da shewa, shi kuma idonsa na kan cikin tayar, yana kallon yadda take kwantawa tana fitar da tumbi. Mafi yawansu ba su da ma'auni. Sukan ƙirga a zuci, su buga tayar da tafin hannu ko ƙarfe su saurari amonta, su zaga ta gaba su ba ta daidai abin da suka ba 'yar'uwarta. Tayar da ke tafiya da kilo biyu da rabi ko uku a kan kwalta akan sauko da ita zuwa wajen ɗaya da rabi, amma idan lodi ya yi yawa ba a kai ta can, don kada ta zame daga bakin ƙarfenta a kwana. Hikimar abin ita ce, taya a cikin rairayi kullum hawa take yi. Tana nutsewa kaɗan, ta tura ɗan tudu a gabanta, sai ta hau shi, ta sake tura wani. Taya mai tauri tana nutsewa da zurfi, tudun gabanta ya yi girma. Wadda aka sassauta kuwa tafinta a ƙasa yana ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu a fili mai yawa, ta bi ta sama-sama. Minti goma na tsugunon yaro kan ceci awa biyu na haƙa.

Sannan sai karatun ƙasa. Rairayin asuba daban, na azahar daban. Da sassafe sanyi da ɗan laimar dare sun kama shi, yana ɗaukar mota. Rana na take tsaka ya bushe ya saki jiki, wurin da ka wuce da safe ba tare da ka lura ba ya riƙe ka har gatari. Don haka tsofaffin direbobi ke son a yi sallar asuba a tada mota, kuma fasinjan da ke ganin gaggawa ce kawai bai gane ba. Launi ma magana yake yi. Ja-ja mai ɗan duhu yana da ƙasa a cikinsa, yana riƙewa. Fari tas a gadon ƙorama, wanda ruwa ya wanke, shi ne mayaudari. Inda iska ta zana ƙananan layuka a sama ta daddanne shi, inda ya kwanta sumul a bayan tudu kuwa zube shi ta yi, ba shi da gindi. Inda sabara ta tsiro ko ƙarangiya ta yi yawa akwai saiwoyi da ke ɗaure ƙasa. Bakin rijiya da mashigar gari, inda garken shanu da amalanke suka tattake, nan ne aka fi kafewa, a idon jama'a. Duk wannan direba na karanta shi ne yana tafiya, idonsa na can gaba mita hamsin ko ɗari, don abin da ke gaban hancin mota ya riga ya wuce shawara.

Amma inda ake rarrabe gwani da ɗan koyo shi ne ƙafar dama. Tun kafin taya ta taɓa rairayi ya zaɓi giyarsa, ta biyu ko ta uku a ƙaramar giyar kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, bayan yaro ya murɗa makullan tayoyin gaba. Da zarar ya shiga ba ya sake taɓa kuloci. Taka kuloci a tsakiyar rairayi yanke ƙarfin inji ne daga taya na daƙiƙa guda, kuma daƙiƙar nan ta isa rairayi ya cinye gudun motar. Totur kuma yana riƙe shi a wuri ɗaya, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi: in ya fizga ruwa ya zube, in ya sassauta igiya ta koma. Kunnensa na kan inji. Idan muryar inji ta yi ƙasa, mota na shan wahala, sai ya ƙara kaɗan. Idan ta yi sama alhali gudu bai ƙaru ba, taya ce ke juyawa a banza, sai ya ɗaga ƙafa nan take. Sitiyari yana riƙe shi sako-sako, ya bar tayoyin gaba su bi sawun da ke nan, don juya su da ƙarfi yana mayar da su garma. Birki kuwa kusan haramun ne. In zai tsaya, ƙafa kawai yake ɗagawa rairayi ya tsayar da shi, kuma yana neman inda hancin mota zai kalli gangare, saboda tashi daga tsaye shi ne mafi wuyar komai. Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, duk wannan aiki in ka kalle shi daga kujerar fasinja sai ka ce ba ya yin komai. Hannu ɗaya a sitiyari, goro a baki, mota na lilo a hankali tana wucewa.

Kowa na kafewa, har gwanaye. Bambancin yana ga abin da mutum ya yi a daƙiƙa biyar na farko. Ɗan koyo in ya ji mota ta tsaya sai ya danna totur har ƙasa, tayoyi su watsa rairayi sama, kafin ya ankara cikin motar ya zauna a ƙasa daram, tayoyi na reto. Gwani kuwa da ya ji ta yi nauyi ya saki. Ya gwada baya a hankali a kan sawunsa, tun da tayarsa ta riga ta daddanne wurin. In ta ƙi, ya kashe inji ya fito ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya juya ga mutane: "Jama'a, ku yi haƙuri, a sabka a kama mana. Baba, kai ka zamna. Inna, ku koma inuwa da yara." Yaro ya zaro shebur ya kwashe tudun da ke gaban kowace taya, ba rami yake haƙawa ba, shimfiɗa mata gangare mai sauƙi yake yi. Wasu su karyo rassan sabara, wasu su jawo karan hatsi daga gona, mai tsohuwar tabarma ko buhu ya bayar. Waɗanda suka shirya suna da faifan ƙarfe mai huji-huji ɗaure a gefen mota. In cikin motar ya riga ya zauna, sai a sa jak a kan katako, a ɗaga taya ɗaya, a cika ramin da ke ƙarƙashinta, a sauke, a koma ta gaba. Daga nan maza su jeru a baya, wani ya ja baki da salati, direba ya saki kuloci sannu-sannu. Idan ta motsa ba ya tsayawa ya jira kowa. Yana tafiya har sai ya ji ƙasa mai tauri, ko da nisan rabin kilomita ne, mutane su biyo shi a ƙafa yaro na saɓe da faifai. Babu wanda ke jin haushi, don kowa ya san tsayawa a tsakiya sabuwar haƙa ce.

Fita daga rairayi ba ƙarshen aiki ba ne. Tayar da aka sace in aka gudu da ita a kan burji ko kwalta, gefenta na lanƙwasawa yana miƙewa har ta yi zafi ta fashe, kututture da ƙayar aduwa kuma sun fi samun ta. Dole a tsaya a mayar da iska, da famfon ƙafa in babu na batir, taya huɗu, a ranar Afrilu da zafi ya haura digiri 40. Inji ma yana shan wuya, musamman in iska na bin mota daga baya, don lagireto ba ya samun abin da zai sanyaya shi. Sai ka ga direba ya juya hancin mota ya fuskanci iska, ya buɗe bonet, ya bar inji na aiki a hankali, bai kashe shi ba. Mai kuwa rairayi na shan sa fiye da kwalta nesa ba kusa ba, shi ya sa lissafin direban Kurfai ba na kilomita ba ne. Yana ƙirga jigawa nawa ke gabansa, da ƙarfe nawa zai iso su, da ko akwai mai sayar da mai a kwalba a garin da zai kwana.

Kan tudu kuwa gargada ce. In ka bi ta a hankali sai ta kwance maka kowace ƙusa a mota. In ka kai wajen kilomita 70 ko 80 a awa sai jijjiga ta lafa, saboda tayoyi na tsallake ramukan suna taɓa kawunan kawai. Daɗin nan yana da tsada, don tayar da rabin lokacinta a iska take ba ta riƙe da ƙasa, kuma birki ko kwana ta ba-zata na iya juya motar ta kalli inda ta fito. Gwani yana rage gudu tun kwana na nesa. Haka in ya zo gangarowa daga tudu zuwa dallol da cikakken lodi, giya ta ɗaya ko ta biyu yake sawa tun daga sama, ya bar inji ya riƙe motar, birki sai taɓawa jefi-jefi. Birkin da aka kwanta a kansa tun daga sama yana zafi ya daina kamawa daidai lokacin da ake buƙatarsa a ƙasa.

Da damina kuma sai ƙorama, kuma a nan ne ake rasa rayuka. Ruwan da ke zuwa ba lalle ne a kanka aka yi shi ba. Ana iya sheƙa shi can kan tudu, kilomita ashirin daga inda kake, marmara ba ta sha, sai ya tattaru ya gangaro gaba ɗaya, ja wur, da itace da kara a bakinsa. Direba ya tsaya ya duba. In ruwan na ɗauke da shara, tasowa yake yi. Yakan kafa tsinke a bakin ruwa ya koma ya zauna, bayan ɗan lokaci ya duba ko ruwa ya haye tsinken ko ya ja baya. In ya ga alamar sauka, yaro ya naɗe wando ya shiga da sanda, yana dogarawa yana laluben gefen daɓen simintin da aka shimfiɗa a gadon ƙoramar, in akwai, don ruwa yakan cinye ƙasar da ke gefensa ya bar rami. Idan yaro ya kasa tsayuwa da ƙafafunsa, mota ma ba ta shiga. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa har kat-kat yana tafiya da ita. Injin gas in ya shaƙi ruwa ta hanyar iskarsa, ƙarafunsa na ciki lanƙwashewa suke yi. In za a shiga, giya ta ɗaya, gudu ɗaya, babu tsayawa, don motar da ta tsaya ruwa na zare rairayin da ke ƙarƙashin tayoyinta. Bayan an haye a ɗan tattaka birki ya bushe. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita daga Yamai kanta, manyan motoci suka yi jerin gwano na kwanaki, balle hanyar ƙauye. Ina girmama direban da fasinja ke yi wa surutu, wani na cewa ga wata can ta wuce, shi kuwa ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, nan za mu kwana." Wannan kalma tana cikin tuƙi, kuma ta fi sauran wuyar koyo.

A 'yan shekarun nan an ɗora musu wani nauyin da ba na ƙasa ko ruwa ba. A 2017 aka sa sassan jihar Tillaberi, har da Abala da Banibangu, ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A farkon 2020 aka hana hawa babur a wurare da dama na jihar, sai mara lafiya da mai naƙuda da ɗan kasuwa duk suka koma kan mota da amalanke. Ranar 15 ga Maris 2021 'yan bindiga suka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe a hare-haren wannan rana. Allah ya jiƙansu. Direban da a da rairayi da hadari kaɗai yake tambaya, yanzu sai ya tambayi wa aka gani a hanya jiya, kuma kafewar da a da ɓata lokaci ce kawai ta zama abin tsoro.

Wanda ya san wannan tuƙi, in ya ji yadda ake tuƙi a ƙasashen dusar ƙanƙara, zai ji kamar labarin gida ake ba shi, kuma dangantakar tsohuwa ce. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, shi ne ya ƙirƙiro wa motocin Sarkin Rasha Nicholas na Biyu wata ɗamara da ke zagaye tayoyin baya don su bi ta kan dusar ƙanƙara. Wannan dabara ce kamfanin Citroën ya ɗauko ya ƙetare Sahara da ita, daga Tugurt ta Aljeriya zuwa Tumbutu, tsakanin Disamban 1922 da Janairun 1923. A ƙarshen 1924 wani ayarin irin motocin ya ratso ta Yamai da Damagaram. Tafiyar ta 'yan mulkin mallaka ce, don amfanin kansu suka yi ta, amma ta nuna abin da aka yi don ƙanƙara yana aiki a rairayi. Har yau a Aisilan masu hawa tsaunukan ƙanƙara da manyan kat-kat, in sun iso dusa mai laushi, sauka suke yi su sace wa tayoyinsu iska.

Yanzu kuma motar lantarki ta shigo, ta ƙara wa direban ƙanƙara irin lissafin da na Kurfai ya saba da shi. A Norwe, ƙasar duwatsu da dogon hunturu, kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka saya a 2024 na lantarki ne zalla. Batir ba ya son sanyi. Ya fi sakewa a wajen digiri 20 zuwa 25, in sanyi ya kama shi sai aikin sinadaran cikinsa ya yi nauyi, ya rage bayarwa ya rage karɓa. Ga kuma ɗumama cikin mota. Injin fetur yana zubar da wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin mansa a matsayin zafi, don haka ɗumi kyauta ne a wurinsa. Motar lantarki ba ta da wannan rarar, duk ɗumin da fasinja ya ji daga batir aka cire shi. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, NAF, kan tara motoci kowane hunturu a tuƙa su daga Oslo zuwa cikin duwatsu har wutarsu ta ƙare, kuma yawanci nisan da suke kaiwa kan gaza abin da kamfani ya rubuta da kashi 10 zuwa 30, a tsananin sanyi fiye da haka. Gwanin can yana ɗumama motarsa da batirinta tun tana jone da wutar gida, kafin ya cire waya. A hanya ya kunna ɗumin kujera da na sitiyari, waɗanda ba su cin wuta sosai, ya rage na iska. Ya sa tayoyin hunturu masu taushin roba, wasu da ƙananan ƙusoshi. Kuma ba ya tunkarar mashigar dutse da ragowar wuta kaɗan, don in guguwa ta taso akan rufe hanya, motoci su jira awowi kafin motar share ƙanƙara ta ja su a jere. Mai jira a can da wutar batirinsa yake ɗumama kansa.

Hawan dutse da saukarsa nan ne abin ya fi daɗin bayani. Motar da nauyinta ya kai tan biyu, in ta hau tsayin mita 1,000, hawan kaɗai ya cinye kilowat-awa biyar da ɗoriya, kusan kashi ɗaya cikin goma na batirin matsakaiciyar mota. Direban da bai saba ba sai hankalinsa ya tashi ganin wuta na zubewa. Amma a gangare injin lantarki juyewa yake yi ya zama janareta. Da ka ɗaga ƙafa, tayoyi ke juya shi, yana riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir, har ya dawo da fiye da rabin abin da hawan ya ci. Aikin da giya ta biyu ke yi wa direban Kurfai a gangaren dallol ke nan, sai dai wannan da riba. Yana da sharuɗɗa. Batirin da ya cika maƙil ba shi da inda zai zuba, wanda ya yi sanyi ƙalau kuma ba ya karɓa, saboda haka mai hankali ba ya cika batir a kan dutse in gangara zai yi, in ba haka ba motar da batirinta kaɗai ya kai kilo 400 ko 500 za ta kwanta a kan birkin ƙafa. A kan ƙanƙara mai santsi kuma yana rage ƙarfin wannan riƙo, don ɗaga ƙafa farat ɗaya daidai yake da taka birki, taya na iya zamewa. Ƙafar dama dai, a can ma ita ce.

Ko motar lantarki za ta iya rairayi? A Janairun 2024 Carlos Sainz ya lashe gasar Dakar, wadda a da ke ratsa Agadas da Tenere, a hamadar Saudiyya, da motar Audi wadda injinan lantarki ke juya tayoyinta, ko da yake tana ɗauke da injin mai da ke yi wa batirin caji. Matsalar Kurfai ba ta taya ba ce, ta wuta ce. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Najeriya yake zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke shi a watan Agustan shekarar. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta fara aiki a 2023, madatsar Kandaji ana kan gininta, amma a ƙauyukanmu cajin waya ma sai an kai wa mai faifan sola a kasuwa. Rana dai muna da ita fiye da kowa, kuma ina da yaƙinin ranar da aka kafa rumfar sola mai ƙarfi a tashar Filinge, direbobin nan ba za su sha wahalar lissafin wuta ba. Mutumin da ya saba auna lita da jigawa zai auna batir da ita.

Abin da za su sake koya shi ne ƙafa da kunne. Injin gas yana tara ƙarfi ne a hankali, yana kuma faɗa maka halin da yake ciki da muryarsa. Na lantarki yana ba da dukkan ƙarfinsa tun daga tsaye, ba kuloci, ba canjin giya, ba ƙara. Rashin canjin giya alheri ne a rairayi, don ƙarfi ba ya yankewa. Amma taɓawa kaɗan ta wuce kima, tayoyi sun haƙa rami kafin kunne ya ji komai, ga nauyin batir na danna motar ƙasa. Na'urar da ke hana taya juyawa a banza, wadda ke ceton mutane a kan ƙanƙara, a rairayi takan yanke ƙarfi daidai lokacin da ake son mota ta ci gaba da tafiya, sai an san yadda ake sassauta ta. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin mota, inda duwatsun gangare da kututture ke duka, don haka sai an ƙara masa faifan kariya, kuma yaro ya san inda zai kafa jak da inda ba zai kafa ba. Sanyin da ke damun Norwe ba zai dame mu ba. Namu zafi ne, wanda ke tsufar da batir da wuri, saboda haka caji sai da dare ko da asuba, mota kuma in ta tsaya cin kasuwa a nema mata inuwar gawo ko rumfa, kada a bar ta a rana daga hantsi har la'asar.